Yadda Ɗan Damagaram Zai Zaɓi Katin Tara Makin Jirgi

Ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Guwanzu saro kaya sau uku a shekara, in ba shi da katin da kamfanin jirgi ke tara masa maki a kowace tafiya, kuɗi yake zubarwa a hanya. Katin kyauta ne, a waya ma ana buɗe shi. Wahalar tana wajen zaɓe.

Mataki na farko, ɗauko tsofaffin tikitocinka na shekara biyu ka duba inda ka fi tashi. Mu nan ko dai mu yi kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ko mu gangara Kano da ba ta kai 250 ba. Kamfanin da ka fi hawa shi ne naka, ko da wani ya fi shi daɗin talla.

Na biyu, gano ƙungiyar da kamfanin yake ciki. Manya uku ne. Star Alliance ta haɗa Turkish Airlines, Ethiopian da EgyptAir. Oneworld tana da Qatar Airways da Royal Air Maroc, wanda ya shiga a 2020. SkyTeam kuma tana da Saudia da Air France. Emirates ba ya cikin ko ɗaya. Amfanin sanin haka: in kana da katin ShebaMiles na Ethiopian, ranar da ka hau Turkish sai ka ba da lambar katin nan, makin ya faɗa wuri guda. Mai kati biyar, kowanne da ɗan tsiraru, ba inda zai kai.

Na uku shi ne inda mutane ke ruɗewa. Maki iri biyu ne: akwai na kashewa, wanda ake sayen tikiti ko ƙarin matsayin kujera da shi, akwai na daraja, wanda ke ɗaga katinka. Ɗakin hutawa na filin jirgi da makin daraja ake shigarsa. A Star Alliance sai ka kai matakin Gold. Silver ba ya buɗe ƙofar. A katin Miles&Smiles na Turkish, matakin Elite ne daidai da Gold, kuma sabon shiga yana buƙatar maki 40,000 na daraja cikin wata 12. Yi lissafi da gaskiya. In sau ɗaya kake fita a shekara, Umra kawai, ba za ka kai ba, gara ka biya kuɗin shiga ɗakin ranar da jira ya yi tsawo.

Wanda ya taɓa kwana a kan kujerar ƙarfe a Addis Ababa, jaka a matsayin matashi, yana gadin waya a bakin soket, ya san darajar wurin da ake samun shayi, abinci da bayi mai tsabta. Mai Gold yana iya shiga da mutum ɗaya da suke jirgi guda. Amma a ganina, ga mai shago a Kasuwar Dole, ƙarin kaya ya fi ɗakin: Gold kan ba ka ƙarin kilo 20 ko jaka ɗaya.

Na huɗu, kafin ka biya, tambayi mai sayar maka da tikiti harafin ajin kuɗin. Kowane tikiti yana da harafi. Mafi araha wani lokaci rubu'in maki yake bayarwa, wani ko ɗaya babu, kuma sau da yawa ba a yarda a ɗaga shi zuwa ajin bizines da maki. In burinka ka miƙe ƙafa a doguwar tafiya, riƙe katin kamfanin da kake hawa ɗin kansa, don ɗagawa ta fi sauƙi a gida. Jirgin shata na alhazai kuwa, kada ka sa rai da shi.

Na biyar, suna. Rubuta shi harafi da harafi yadda yake a fasfo. Ni na buɗe kati da Mahamadou, fasfo yana ɗauke da Mouhamadou, tafiya biyu suka wuce ban ga maki ba. Da na koma wurin wanda ya yanka mini tikitin, cewa ya yi, "Alhaji, ai ba ka kawo takardar shiga jirgin ba." Na riga na yar da ita. Yanzu cikin fasfo nake soke ta har makin ya fito, kuma ina leƙa ranar mutuwarsa, don na Turkish shekara uku yake yi.