E. coli ba ta da ido: inda ɗalibai ke tuntuɓe a darasin shinshinar bakteriya

Duk sanda na zauna duba takardun jarrabawa a kan wannan darasi, kuskure ɗaya ne ke fara yi mini sallama. Ɗalibi ya rubuta cewa ƙwayar bakteriyar nan E. coli na hango abinci ta miƙe ta nufe shi. Da wane ido? Tsawonta kusan maikuromita 2 ne (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), bambancin sinadari tsakanin kanta da ƙarshenta bai taka kara ya karya ba. Yanzu take gwadawa da ɗazu. Takan yi iyo a miƙe na kamar daƙiƙa ɗaya, ta yi adungure, ta kama duk inda fuskarta ta faɗa. In ƙamshin na ƙaruwa sai ta jinkirta adunguren. Howard Berg da Douglas Brown ne suka bi sawunta a 1972. Ku rubuta "tana tsawaita tafiyar da ta yi daɗi", ku ɗauki makinku.

Wurin CheA kuma, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙon shinshina a cikin ƙwayar ya miƙa fosfet ga wani furotin mai suna CheY, ake juya zance baibai. Da yawa na zaton abinci ke kunna shi. Kwantar da shi yake yi. Tar da Tsr su ne furotin ɗin shinshinar, wato hancin ƙwayar. In sinadarin abinci aspatet ya kama Tar, ko ɗan'uwansa sirin ya kama Tsr, CheA ya yi sanyi, CheY ya rasa fosfet, injin wutsiyar da take iyo da ita ya ci gaba da juyawa saɓanin hannun agogo, tafiya ta miƙe. CheY mai ɗauke da fosfet shi ke jawo adungure.

Wasu kan manta CheR da CheB ɗungurungum, alhali su ne ƙwaƙwalwar. CheR na liƙa ɗan guntun sinadari mai suna metil a jikin furotin ɗin shinshinar, CheB na cirewa, har hancin ya saba, kamar mai sayar da turare da ya daina jin ƙamshin shagonsa sai an buɗe sabuwar kwalba. Tunawar ta 'yan daƙiƙoƙi ce kawai.

Zane kuwa, ku daina warwatsa furotin ɗin shinshinar a jikin ƙwayar kamar ƙuraje. Janine Maddock da Lucy Shapiro sun nuna a 1993 cewa cunkushe suke a bakin ƙwayar. Tar da Tsr na cuɗanya a gungu ɗaya, CheA ɗinsu ɗaya, don haka saƙon mai daɗi da na mai cutarwa a nan ake tarawa a ɗebe, hukunci guda ya fito.

Mai cewa sai abin da za ta iya ci take bi, ya tuna Julius Adler ya rushe wannan tun 1969: tana bin wasu sinadarai da ba ta iya narkarwa.