Darasi Na Tara: Daga Ina Magana Take Fitowa?

Iyayena da yayyena, ku ajiye fensir tukuna, yau aikin baki za mu fara yi.

Magana iska ce. Daga huhu take tasowa, ta biyo maƙogwaro, ta fita ta baki ko ta hanci. A cikin maƙogwaro, daidai zakaran wuya, akwai tantani guda 2. In iska ta ratsa su suka kaɗa, murya ta samu. Ku ɗora yatsu a wuya, ku ja "sssss". Shiru. Yanzu ku ja "zzzzz". Kun ji wurin yana rawa? Madalla. Mata, naku zakaran bai fito fili kamar na maza ba, amma yana nan, ku laluba a hankali.

Kada ku sauke yatsun, don mun zo inda kowa yake tuntuɓe, wato k da ƙ. Duka biyun, bayan harshe ne yake ɗagawa ya tare iska can cikin baki. Amma wajen faɗin ƙ, maƙogwaro yana rufewa, zakaran wuya ya yi sama, ya tunkuɗo iskar ta fito ƙas. Ku ce kafa. Ku ce ƙafa. Ya motsa? Ku sake: kafa, ƙafa. In ba ku ji ba, ba komai, ku sake sau 10, sannu ba ta hana zuwa. Duk inda kuka ji wannan motsi wajen faɗin k, ku yi wa harafin ƙugiya a sama. Yatsu a wuya: baki, baƙi. Kara, ƙara. Motsi, ƙugiya.

Haba jama'a! Makon jiya na duba littattafanku, mutum uku kawai suka sa ƙugiyar. Wani dattijo ya so ya ce ya je fada gaida sarki, ya rubuta ya je faɗa, don ya sa ƙugiya inda babu ita. Bakinku bai taɓa yin wannan kuskure ba, me ya sa hannu zai yi? Ku faɗa, ku taɓa wuya, sannan ku rubuta.

A ɓ da ɗ kuwa, zakaran wuya ƙasa yake yi. Bari, ɓari. Gada, gaɗa.

Darasi Na Goma: M da N

Ta hanci suke fita. Ku toshe hanci ku ja "mmm", za ku ji ta maƙale.

Darasi Na Sha Ɗaya: Wasula

Guda 5 ne: a, e, i, o, u. Babu abin da yake tare iskarsu. Ku rubuta kowanne layi ɗaya.