Yadda ake rubuta suna da lebul a jikin maganin gargajiya

Duk mai haɗa maganin tsirrai yana son suna mai jan kwastoma, toh ba laifi, amma hukuma ba wannan take fara dubawa ba, ita tambayarta ɗaya ce, wane tsiro ne a cikin kwalbar nan. Daga nan zaka fara kai ma.

Da farko ka tabbatar da sunan kimiyya na tsiron, wato na Latin ɗin nan mai kalma biyu, ka sa shi kusa da sunan da mutane suka sani. Sunan da ake kira a baki baya isa, don sau da yawa tsirrai biyu ko uku suna amsa suna ɗaya. A Beljiyam farkon shekarun 1990 wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin da ya kamata ace Stephania tetrandra ce a ciki, ashe Aristolochia fangchi aka zuba saboda a Sinanci duka biyun akwai fang ji a sunansu, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, wasu daga baya har da kansar hanyar fitsari. Ko tsiron ginseng ma sai da Amurka tayi doka a 2002 cewa dangin Panax kaɗai za a kira da wannan sunan, wanda ake cema na Saiberiya dole ya koma eleuthero a lebul.

Sai ka faɗi wane ɓangare kayi amfani dashi, saiwa ce ko ganye ko sassaƙe ko iri, don ƙarfinsu ba ɗaya bane ko da bishiya ɗaya ce. Ka rubuta ko gari ne ko tatacce, in tatacce ne ka sa lissafin kamar 10:1, ma'ana kilo 10 na tsiro ya bada kilo 1, sannan miligiram nawa ne a kowane kafso ko cokali. Wasu sai su tara tsirrai takwas su rubuta jimillar nauyi kawai wai sirrin haɗi ne, dokar Amurka ta yarda da hakan amma ni dai bana ganin adalci ne ga mai sha, likita ma in matsala ta taso bai san daga ina zai kama ba.

Yanzu inda yawanci ake kwafsawa, wato iƙirari. A Amurka ƙarƙashin dokar 1994 zaka iya cewa abu yana taimaka ma narkewar abinci, amma baka isa kace yana warkar da olsa ko ciwon suga ba, kuma sai ka rubuta cewa FDA, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, bata tantance maganar ba, ka sanar da ita cikin kwana 30 da fara sayarwa. Tarayyar Turai tun 2004 tana neman shaidar an yi shekara 30 ana amfani da maganin, 15 daga ciki a ƙasashenta, kafin ayi mishi rajistar gargajiya. Ingila tana da tambarin THR na rajistar maganin tsirrai na gargajiya, Najeriya kuma lambar NAFDAC. Sunan kaya shima iƙirari ne fa, in ka raɗa mishi suna irin maganin hawan jini ka riga ka faɗa, ko baka ƙara komai a ƙasa ba.

Daga nan gargaɗi, masu ciki da masu shayarwa da yara, da magungunan asibiti da basa jituwa dashi. Tsiron Hypericum perforatum misali yana rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali da warfarin, maganin hana jini daskarewa, in yana cikin haɗinka dole ka faɗa da rubutun da ido zai iya karantawa.

Sauran masu sauƙi ne, yadda ake sha, lambar rukunin da aka haɗa tare, ranar haɗawa da ranar ƙarewar wa'adi, sunan kamfani da adireshi. Kafin ka buga dubbai ka kai samfurin lebul ɗin hukumar magunguna ta ƙasarku ta duba, in kuma waje zaka fitar ka nemi dokar can, don lebul ɗin da ya wuce a wata ƙasa ana iya tsare shi a kwastan ɗin wata.