Kafin Ka Sa Hannu a Kwantiragin Takalmin Ƙwallo

Ina horar da samari ƙwallo a Agege, kuma da zarar yaro ya fara tashe, masu kawo masa takarda da takalmi kyauta sukan yi yawa. Ƙanena, ga abin da nake so ka yi kafin ka ɗauki biro.

Fara da sanin iyakar kowa. Jesi, gajeren wando, safa da kayan atisaye na kulob ne, shi ya sayar wa kamfani wannan hakkin. Takalmi kuwa, da safar hannu idan kai gola ne, yawanci zaɓinka ne. Shi ya sa Messi ya yi shekaru a Barcelona da rigar Nike amma takalmin Adidas, Ronaldo kuma a Real Madrid rigarsa Adidas, takalminsa Nike. Rigimar tsohuwa ce: a gasar cin kofin duniya ta 1974, Johan Cruyff ya buga da riga mai layi biyu maimakon ukun Adidas da sauran 'yan Holan suka sa, saboda yana da yarjejeniya da Puma.

To amma kai ba Cruyff ba ne tukuna, don haka takardar kulob ɗinka za ka fara karantawa. Nemo inda aka yi maganar hotonka da talla. Wani kulob yakan rubuta cewa duk kayan da ya raba dole ka sa, har takalmi. Idan ka riga ka amince da haka sannan ka ba wani kamfani ƙafarka, ka sayar da akuya ɗaya ga mutum biyu.

Sai takardar kamfanin. Tambaye su ƙarara: kaya kawai za su ba ka, ko da kuɗi? Ƙafa nawa a kakar wasa? Idan an kira ka Super Eagles ko ka samu kulob a Turai, za a ƙara? Wannan ne ya fi damuna, domin yaranmu sukan ɗaure kansu shekaru da dama a kan takalmi kaɗan, ranar da darajarsu ta tashi kuma ba damar motsi. Ni shekara ɗaya ko biyu nake ba da shawara. Duba kuma ko an hana ka sa kayan wani kamfani a hotunan Instagram, da abin da zai faru idan ka ji rauni ka daina bugawa. Tunda Nike ke yi wa Super Eagles riga tun 2015, a rubuta cewa sa kayan ƙasa a sansani ba saɓa alkawari ba ne.

Kai wa lauya ya karanta, ejan kuma, wato wakilin da ke yi maka ciniki, ya zama mai lasisin FIFA. Idan ba ka kai 18 ba, da mahaifinka ko waliyyinka za a zauna. Kuma ka gwada takalmin a fili kafin komai, musamman a ciyawar roba irin ta filin Onikan da ke Legas, wadda ke son gajerun ƙusoshi. Idan yana cin ƙafarka, mayar musu da shi.