Ba kowace doguwar mota ce kat-kat ba

Na gaji da ganin samari suna shigowa Tahoua da doguwar mota daga Yamai ko Kwatano, suna cewa sun sayi kat-kat, wato motar da ƙafafunta huɗu ke ja, bayan sati biyu ka gan ta ɗaure da igiya ana ja. Ni ma abin ya taɓa ci na.

Babban kuskure shi ne yarda da bakin dillali da rubutun bayan mota. Kat-kat ta daji, irin Hilux ko wasu Land Cruiser, tana da giyar 2H (ƙafa biyu ke ja), 4H da 4L (duka huɗun ke ja). Wannan 4L ita ce giya mai ƙarfi da ke fidda mota daga rairayi a sannu. Mai AWD, irin RAV4 ko CR-V, ba ta da ita: ƙafafun gaba ke ja, sai sun fara sulɓi motar ta tura ƙarfi baya da kanta. A jiƙaƙƙen gudurom ko jar hanya, madalla. A rairayi mai zurfi kuwa, abin da ke haɗa gaba da baya zafi yake ɗauka ya saki. Kuma da yawa cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka, tun daga kamfani gaba kaɗai ke ja.

Abin da ya same ni ya fi haka. Dillali ya ce, "Alhaji, wannan ko Agadas ka nufa ba ta tsayawa." Na duba fenti, na ji sanyin kilim, na biya. A hanyar Tchintabaraden ta nutse cikin wani busasshen kori, rana tsaka, ga mahaifiyata a baya. Ina tona da hannu na leƙa ƙasa, sai na ga babu dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya. An kwance shi, ramukan noti duk sun yi tsatsa. Shanun wani bawan Allah suka fidda mu dab da magariba. Da na koma, dillalin ya ce, "Ai da idonka ka gani." Ya ci amana, amma kuɗina ne, ni ya kamata in leƙa. Yanzu ba na ciniki sai na shimfiɗa tabarma na kwanta ƙarƙashin mota, ni da makanikena, ba na mai mota ba. Sannan mu kai ta rairayi, in sa 4L da hannuna. Wanda ya ƙi, na bar masa kayansa.

Ku kuma masu Hilux da ke barin 4H a kan gudurom har Konni, wai don mota ta riƙe hanya, wa ya koya muku? A 4H gaba da baya a kulle suke tare, a kwana kuwa tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Rairayi na barin taya ta zame, gudurom ba ya bari, sai ƙarafan su yi ta murɗewa har wani ya karye. Da ka hau gudurom, koma 2H.

Mai AWD, kar ka haɗa mata taya sabuwa da suɗaɗɗiya, ko masu girma dabam. Kafin rairayi ina rage iska, kuma ba na fita ba famfo da shebur. Mai tsohuwar Land Cruiser, sauka ka murɗa makullan ƙafafun gaba, in ba haka ba giyar banza ka sa. Lambar shasi kuma ka gwada ta da ta takardar duwan da kart giriz, harafi bayan harafi, kafin jika ɗaya ta bar aljihunka.