Masu zanen ƙauye, ku gwada jar ƙasa da ƙaro

Salam 'yan uwa masu zane. In za ka zana ƙauye, ka daina ƙarar da kuɗinka kan fentin ruwan ƙasa, haɗa abinka.

Ɗebo jar ƙasa ka shanya, ka daka, ka tankaɗe da ƙyalle har ta yi laushi kamar gari. Jiƙa ƙaro ya kwana, irin dai wanda almajirai ke sa wa tawada, ka tace ka kwaɓa da shi. Ɗiga zuma kaɗan don kar ya tsage.

Ai fentin ruwa na kanti ma ƙaro ne ke riƙe shi. Kuma wallahi kalar katanga da rumbu da hanyar da mata ke bi zuwa rijiya tana fitowa daidai, tunda ƙasar wurin ce da kanta ka shafa. Garin gawayi kuma ya isheka inuwar gindin kuka.

Amma a takarda mai kauri yake zama, ta littafi lanƙwashewa take. In ƙaro ya yi yawa sai ya ɗau ƙyalli ya fashe. Da damina kwaɓa na yini ɗaya kawai, yana saurin yin fumfuna. Koren gero da dawa kam sai ka saya.