Yadda ake riƙon karen Foxhound ba tare da ya ɓace maka ba

Yawancin masu ɗaukar Foxhound kyansa ne ke jan su: dogayen ƙafafu, kunnuwa a zube, jiki mai fari da baƙi da ja. Wata biyu ba su cika ba sai ka ji suna cigiyar kare. Laifin hancinsa ne. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana kiwonsa a Ingila don ya bi sawun yanyawa cikin garke, mahaya dawakai na biye da shi. Na Amurka kuwa ya samo asali daga karnukan da wani ɗan Ingila, Robert Brooke, ya kai Maryland a 1650, daga baya George Washington ya haɗa nasa da karnukan Faransa da Lafayette, wani janar Bafaranshe, ya aiko masa a 1785. An hana farautar yanyawa da karnuka a Ingila tun 2005, amma hali zanen dutse ne.

Da farko, gyara gida kafin kare ya iso. Shinge ya kai tsayin mutum, a kuma binne gindinsa, don in bai haura ba zai tona. Shingen lantarkin nan da ba a gani, mai ba kare ɗan shokin a wuya in zai ƙetare iyaka, ɓarnar kuɗi ne: in ya ji warin dabba, jurewa zai yi ya wuce. Ka yi magana da maƙwabta ma, domin kukansa dogo ne mai amo, an so shi haka ne don mafarauci ya jiyo shi daga nesa. Mai zama a gidan bene ya haƙura.

Na biyu, gudu. Awa ɗaya zuwa biyu kullum, gudu na gaske, ba zagayen layi ba. Wanda aka bari a ɗaure, kujera da takalma za su gaya maka. Amma ɗan kwikwiyo kada a ja shi doguwar tafiya sai ya haura shekara, gaɓoɓinsa sun yi ƙwari.

Na uku, nan ake faɗuwa: koya masa amsa kira. Mutum zai ga kare na zuwa da gudu in an kira shi a tsakar gida, sai ya ɗauka an gama, ya kwance igiya a fili. To kalli abin da ke faruwa in ya ji warin dabba. Kai ya yi ƙasa, wutsiya ta miƙe, numfashi ya koma gajere-gajere. Daga nan ko tsage maƙogwaro ka yi ba ya jin ka. Saboda haka nemi doguwar igiya, kamar mita 10, ka yi watanni da ita. Kira shi sau ɗaya tak, tun kafin kan ya sauka. Ya zo, ba shi gutsuren busasshiyar hanta nan take, ba bayan ka gama lalube aljihu ba. Ni usur na fi so, don murya tana canzawa in rai ya ɓaci. Kuma komai jinkirinsa, in ya dawo kada ka duke shi, in ba haka ba zai ɗauka dawowar ce laifi. Yawaita kiran da ba na komawa gida ba ne: ya zo, ka ba shi lada, ka sake shi. Duk da haka kusa da titi igiya ba ta fita daga wuyansa, ko ya shekara goma a hannunka.

Kada ya zauna shi kaɗai, ɗan garke ne. In da hali a samo masa kare na biyu. Gadi kuwa ba aikinsa ba ne, baƙo ma kaɗa masa wutsiya zai yi. Kaji da zomaye a raba su da shi.

Sauran ba wuya. Abinci sau biyu a rana, a auna, don yana saurin ƙiba in ba ya aiki, kuma kada a ba shi dab da gudu saboda kumburin ciki. Buroshi sau ɗaya a mako ya isa. Ɗaga kunnuwan duk mako ka shinshina, in akwai wari ko ja sai likitan dabbobi. Duba kaska bayan shiga ciyawa, allurar rigakafi kuma kada ta wuce lokacinta.